Yadda ake zuwa yawon buɗe ido Kuala Lumpur, tun daga neman biza har ranar komowa gida

Duk Musulmin da yake son ya fita ya ga duniya amma yana tsoron abin da zai ci da inda zai yi sallah, to Kuala Lumpur babban birnin Maleshiya na cikin garuruwan da zan fara ba shi shawara ya je. Abincin halal ko'ina, masallaci ko'ina, jirgin ƙasa na cikin gari yana aiki lafiya lau, kuma mutanen suna jin Turanci daidai gwargwado. Amma fa rabin wahalar tafiyar tun a gida take, wanda ya gyara takardunsa tun kafin ya hau jirgi shi zai ji daɗin garin. Bari mu bi abin daki-daki.

Na farko, takardu

Ka duba fasfonka, dole ya zama akwai aƙalla wata 6 da suka rage kafin ya ƙare, in bai kai ba kar ma ka fara, je ka sabunta tukuna. Ɗan Najeriya yana buƙatar biza kafin ya shiga Maleshiya, kuma ofishin jakadancinsu yana Abuja, don haka ka nemi sharuɗɗan daga wajensu kai tsaye saboda dokokin suna canzawa. Don Allah kar ka miƙa fasfonka da kuɗinka ga wani ejan da ka haɗu da shi a Facebook don kawai ya ce yana da hanya, in za ka bi ta kamfanin tafiye-tafiye to ka bi wanda yake da ofis a tsaye wanda ka san wani da ya taɓa bi ta hannunsa.

Sai katin rigakafin shawara, wannan ɗan katin mai ruwan ɗorawa. Maleshiya tana neman sa daga duk wanda ya fito daga ƙasashen da ake samun cutar, Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru duk suna ciki, kuma allurar sai ta kwana 10 a jikinka kafin katin ya fara aiki, to kar ka bari sai ana gobe tafiya. Bayan haka akwai wani fom na intanet da ake kira MDAC, katin sanar da isowa kenan, ana cike shi cikin kwana 3 kafin ranar saukarka. Kyauta ne, a shafin hukumar shige da fice ta Maleshiya ake cikewa, duk shafin da ya ce ka biya kuɗi kafin ka cike to ba na gwamnati ba ne, fita kawai.

Ka buga komai a takarda, tikitin zuwa da na dawowa, takardar kama otal, biza, da shaidar cewa kana da kuɗin da za ka riƙe kanka. Na san komai yana cikin wayarka amma waya tana mutuwa a lokacin da ba ka so, kuma jami'in da ke gabanka ba zai jira ka nemo caja ba.

Na biyu, jirgi da kaya

Babu jirgin da yake tashi daga Najeriya ya sauka Kuala Lumpur kai tsaye, dole sai an yada zango. Qatar Airways ta Doha, Ethiopian ta Addis Ababa, Turkish ta Santambul, Emirates ta Dubai, waɗannan su ne hanyoyin da aka fi bi. Ka kwatanta farashi, amma ka duba tsawon jiran da za ka yi a tsakiya shi ma, wani tikitin yana da araha ne don za a ajiye ka a filin jirgi kusan kwana guda, in da yara ko tsoho a tafiyar wallahi gara ka ƙara kuɗin.

Sun riga mu da awa 7, lokacin da ake sallar azahar a Kano su har sun yi isha'i, don haka kwana biyun farko barci zai ɗan rikice maka. Kar ka tsara wani babban yawo ranar da ka sauka.

Kaya kuwa marasa nauyi. Garin akwai zafi mai gumi duk shekara, da rana yana kai digiri 32 zuwa 33, iskar a jiƙe take, minti goma a waje rigarka ta manne a baya. Yadi mai laushi ya fi shadda mai sitaci a can. Ka sa 'yar lema a jaka, da takalmin da ba ya santsi, da riga mai ɗan kauri guda ɗaya don sanyin esi na cikin jirgin ƙasa da manyan kantuna ba wasa ba ne. Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku, cajarka za ta shiga ba sai ka sayi komai ba. Kilishi da dambun nama a bar su a gida, suna da tsauri kan shigo da nama. In kana shan wani magani kullum ka tafi da shi a kwalinsa tare da takardar likita.

Ga wata magana da nake so a riƙe da kyau. Kar ka karɓi saƙon kowa. Ko a filin jirgi ne wani ya ce taimaka ka miƙa wa ɗana da ke karatu a can, ko wani abokin intanet ne ya ce ga 'yar jaka, ka ce a'a, ko da za a ce ba ka da kirki. Dokar Maleshiya kan miyagun ƙwayoyi tana iya kaiwa ga hukuncin kisa, a 2023 sun cire wajabcin hukuncin suka bar wa alƙali zaɓi, amma hukuncin yana nan, kuma ɗaurin da ke madadinsa shekaru ne masu yawa. Jakarka kai ka haɗa ta da hannunka kai ka rufe ta.

Na uku, kuɗi

Kuɗinsu ringgit ne. Naira ba wanda zai canza maka a can, sefa ma kar ka dogara da ita, ka tafi da dala, sababbin takardu masu tsabta, 'yan 100 da 'yan 50 sun fi samun canji mai kyau. A filin jirgi ka canza kaɗan kawai wanda zai kai ka otal ya ba ka abincin dare, sauran ka bari sai cikin gari, 'yan canjin da ke cikin manyan kantuna kamar Mid Valley ko unguwar Bukit Bintang sun fi ba da farashi mai kyau nesa ba kusa ba. Katin banki kuma ka tambayi bankinka tun a gida ko zai yi aiki a waje da nawa ne iyakarsa, kar ka je gaban mai otal kati ya ƙi. Ka sani kuma ana karɓar harajin baƙi ringgit 10 a kowane ɗaki kowane dare, yawanci a teburin otal ake biya, ba cuta ba ce doka ce.

Na huɗu, sauka da shiga gari

Filin jirgin sunansa KLIA, yana wani waje da ake kira Sepang, kusan kilomita 50 kudu da birnin. A wajen jami'an shige da fice ka natsu, ka amsa abin da aka tambaye ka kawai, kwana nawa za ka yi, wane otal, yaushe za ka koma. Masu fasfon Afirka ana yawan tsananta musu tambaya, abin ba daɗi amma haka yake, takardun nan da ka buga su ne za su yi maka magana. In an buga maka hatimi ka duba kwanakin da aka ba ka tun kana wajen, kuma kar ka wuce su ko da kwana ɗaya, tara ce da tsarewa da hana ka sake shigowa.

Kana fitowa ka sayi layin waya a nan cikin filin jirgin, akwai Hotlink da CelcomDigi da U Mobile, da fasfonka za su yi maka rajista su sa maka data. Sai ka sauke manhajar Grab, ita ce ta kiran mota a can, kuɗin yana fitowa tun kafin ka shiga babu ciniki babu rigima.

Hanya biyu ce mai sauƙi zuwa gari. Jirgin ƙasa na KLIA Ekspres yana kai ka babbar tashar KL Sentral cikin kusan rabin awa, ringgit 55 mutum ɗaya. In kai kaɗai ne ko ku biyu da 'yar jaka shi ya fi. In kuwa iyali ne da akwatuna to Grab ta fi araha, za ta kai ku har ƙofar otal cikin kamar awa guda in babu cunkoso. Akwai bas ma wanda ya fi duka araha, ga mai haƙuri. Kuma a tuna a hannun hagu suke tuƙi, in za ka tsallaka titi dama za ka fara dubawa.

Na biyar, inda za ka sauka

Ni a wajena wannan ne matakin da ya fi shafar yadda tafiyar za ta kasance, fiye da kyan ɗakin ma. Ka kama otal ɗin da za ka iya takawa da ƙafa zuwa tashar jirgin ƙasa cikin minti biyar. Garin yana da cunkoso sosai safe da yamma, musamman in an yi ruwa, motar da za ta kai ka cikin minti goma sai ta ci awa, kuɗin Grab ma ya ninka, alhali jirgin yana wucewa ta sama ko ta ƙarƙashin ƙasa ba ruwansa.

Kusa da KL Sentral ya dace da mai son zirga-zirga don kusan duk layukan nan suke haɗuwa. Bukit Bintang tsakiyar hada-hada ce, kantuna da gidajen abincin Larabawa, amma akwai hayaniya har tsakar dare da mashaya, mai iyali ya duba da kyau. Unguwar KLCC, inda tagwayen benayen Petronas suke, ta fi tsabta da natsuwa kuma ta fi tsada. Wajen Masjid Jamek da Jalan Tuanku Abdul Rahman akwai otal-otal masu sauƙin kuɗi, ga kasuwar yadi a bakin ƙofa. Kafin ka biya ka tabbatar ɗakin yana da taga, da yawa daga masu arahar ba su da ita kuma ba za su faɗa maka ba sai ka karanta bayanin da kyau. Yawancin ɗakuna akwai 'yar kibiya a jikin silin ko cikin durowa da ke nuna alƙibla.

Ka sayi katin Touch 'n Go ka zuba masa kuɗi, da shi za ka riƙa shiga jiragen ƙasa na cikin gari, wato LRT da MRT da monorel, da kuma bas ba tare da bin layin tikiti ba. 'Yan'uwa mata, a jirgin KTM Komuter akwai taragu na mata zalla masu alamar ruwan hoda, maza kuma a kula kar a faɗa ciki da gaggawa.

Na shida, yadda za ka raba ranarka

Ruwan Kuala Lumpur yana da ɗabi'a, yawanci safiya garau take, sai wajen la'asar hadari ya haɗu a sheƙa ruwa da tsawa na awa ɗaya ko biyu sannan ya ɗauke. To ka bi shi a haka. Duk abin da yake a fili ka yi shi da safe, tsakar rana zuwa la'asar ka shige inda yake da rufi, gidan tarihi ko kanti, da daddare ka sake fitowa. Lokutan sallah ma sun ɗan bambanta da namu a agogo, asuba wajen ƙarfe 6, azahar bayan ƙarfe 1, magariba sai wajen ƙarfe 7 ko bayan haka, don haka yammarsu tana da tsawo.

Ka fara da tsohon gari. Ka sauka a tashar Masjid Jamek, masallacin yana nan daf da tashar, an buɗe shi a 1909 a daidai inda kogin Klang da kogin Gombak suka haɗu, wajen da garin ya faro. Daga nan taku kaɗan ne zuwa Dataran Merdeka, filin da aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Malaya, sunan ƙasar a wancan zamanin, lokacin samun 'yancin kai a 31 ga Agusta 1957, ga ginin Sultan Abdul Samad na 1897 yana kallon filin da hasumiyar agogonsa. Sai ka gangara Central Market ka ga kayan hannu da yadin batik, ka leƙa Petaling Street kasuwar 'yan Chana, inda agogo da jaka da takalma masu manyan sunaye yawancinsu jabu ne kuma farashin farko ba shi ne farashi ba, ka taya ƙasa sosai.

Inda nake roƙon kowa kar ya tsallake shi ne Gidan Adana Kayan Fasahar Musulunci, yana kusa da Masjid Negara, babban masallacin ƙasa wanda aka gama a 1965 mai ɗaukar mutum kusan 15,000. Mutane da yawa suna zuwa garin su ƙare kwanakinsu a kantuna ba su taka nan ba, kuma asara ce babba. An buɗe gidan a 1998, a ciki akwai tsofaffin Alƙur'anai rubutun hannu daga sassan duniyar Musulmi, wasu da adon zinare, akwai ɗakin da aka ƙera ƙananan samfurin manyan masallatai har da Harami na Makka da Masallacin Annabi na Madina, ga tufafi da makamai da kwanuka daga Indiya da Chana da ƙasashen Malay. Wanda ya taso yana ganin allo da tawada da rubutun mahaddatanmu, in ya tsaya gaban waɗannan mus'hafai zai daɗe bai motsa ba. Ka ba shi awa uku, ka yi azahar a Masjid Negara, ranar ta biya kuɗinta.

Tagwayen benayen Petronas kuwa ai su ne hoton garin. Tsayinsu mita 452, hawa 88, su ne mafi tsayi a duniya daga 1998 har 2004. In kana son hawa gadar da ta haɗa su a hawa na 41 da wajen kallo a hawa na 86 to ka sayi tikiti ta intanet kwanaki kafin ranar don yana ƙarewa, kuma galibi Litinin a rufe suke. In kuɗin ya yi maka yawa ba ka rasa komai ba, ka je lambun KLCC da ke bayansu da magariba, ka yi sallah a masallacin As-Syakirin da ke gefen lambun, ka zauna ka ga benayen sun kunna fitilu ana wasan ruwa mai launi a tafkin, kyauta. Ni a ganina ma in kallon gari daga sama kake so hasumiyar Menara KL mai mita 421 ta fi, don daga can kana hango Petronas ɗin kansu, ga kuma Merdeka 118 mai mita 678.9, wanda Burj Khalifa ta Dubai kaɗai ta fi shi tsayi. Daga KLCC akwai wata gadar ƙafa mai rufi da esi da za ta kai ka har kantin Pavilion a Bukit Bintang, ko ana ruwa ba ruwanka.

Batu Caves yana arewa da gari, KTM Komuter daga KL Sentral yana kai ka har bakin wajen. Kogo ne a cikin dutse mai matakala 272 masu launi-launi, amma ka sani wajen bautar mabiya addinin Hindu ne, da wani ƙaton mutum-mutumi mai ruwan zinare a ƙofa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya bari ba dole, wanda zai je don ganin kogon ya je da sassafe kafin rana ta yi zafi, ya mutunta masu ibadarsu, ya kuma ɓoye leda da abinci don biran wajen suna fizgewa daga hannu. In akwai sauran rana ka hau KLIA Transit ko MRT zuwa Putrajaya inda ofisoshin gwamnati suke, ka ga Masjid Putra mai ruwan hoda a bakin tafki.

Na bakwai, ci da sallah

A gidan abinci ka nemi tambarin halal na JAKIM, hukumar harkokin Musulunci ta ƙasar, ko ka ci a wajen 'yan ƙabilar Malay waɗanda Musulmi ne, ko a shagunan da ake kira mamak na Musulmin Indiya waɗanda da yawansu ba sa rufewa dare da rana. Amma kar ka ɗauka duk abincin garin halal ne, akwai 'yan Chana da yawa kuma suna cin alade, titin Jalan Alor da ake ta tallatawa yawancin rumfunansa akwai alade da giya, ka je ka kalla in kana so amma cin abinci ka tafi Kampung Baru, tsohuwar unguwar Malay da ke tsallaken kogi daga KLCC, ana bi ta gadar Saloma.

Ka gwada nasi lemak, shinkafa ce da aka dafa da madarar kwakwa ana haɗawa da miyar barkono da gyaɗa da ƙananan kifi da ƙwai. Da safe roti canai da shayin madara mai kumfa da suke kira teh tarik, ka ce a rage sukari don suna zubawa da yawa. Satay kuwa tsire ne kawai a ƙananan tsinke, sai dai maimakon ƙuli da yaji miyar gyaɗa mai zaƙi ake tsomawa. Wanda cikinsa bai karɓi abincinsu ba, gidajen abincin Larabawa suna nan birjik a Bukit Bintang, mandi da gasasshiyar kaza da burodi. Ruwa ka sha na gora. Durian kuma, wannan ɗan itacen mai ƙaya da wari, ka ɗanɗana a waje amma kar ka shiga da shi otal an hana.

Kusan kowane babban kanti da tashar jirgi akwai ɗakin sallah, ka nemi alamar da aka rubuta surau, na maza daban na mata daban da wajen alwala. 'Yan Maleshiya Shafi'awa ne, za ka ji liman yana bayyana bisimilla yana ƙunutu a asuba da ɗaga hannu, ka bi shi kawai. Ranar Juma'a ka fita da wuri, masallatan tsakiyar gari suna cika har titi. In kana marmarin jin Hausa to akwai ɗalibanmu a jami'o'in ƙasar, har da Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Gombak.

Na takwas, tsaraba da komowa

Yadi da hijabi da abaya da turare, Jalan Tuanku Abdul Rahman da Jalan Masjid India. Waya da kwamfuta da kayansu, Low Yat Plaza, amma ka zagaya shago uku huɗu kafin ka biya, ka kunna abin a gabansu ka karɓi rasit. A titi ka rataya jakarka ta ɓangaren da ba ya kallon hanya don akwai masu fizge a kan babur, fasfo kuma ya kasance a jikinka a aljihun ciki saboda 'yan sanda suna iya tambaya, hotonsa kuma a waya da kwafi a otal. Lambar gaggawa 999 ce.

Ana gobe tafiya ka auna akwatunanka, kuɗin ƙarin kilo yana da zafi. Ka duba tikiti ka ga tasha ta 1 ce ko ta 2 jirginka zai tashi don ba gini ɗaya ba ne. Ka bar otal awa 4 kafin tashi in mota za ka bi, musamman da yamma lokacin ruwa, sauran ringgit ɗin da ya rage kuma ka mayar da shi dala tun a cikin gari kafin ka kama hanyar filin jirgi.